Kifin teku a gonar zogale

Har yau ban manta da Litinin ɗin da aka mai da ƙwaron zogalen Jiratawa kifi ba. Aikina a sabis ɗin noma na Maraɗi shi ne duba tarko. Kowace safiya nakan hau moto in je Jiratawa in ƙirga malam-buɗe-littafin da ya faɗa ciki, ƙaramin nan da tsutsarsa ke cinye ganyen zogale. Sau biyu nake ƙirgawa don tsoron kuskure, sannan in sa hannu. Da takardar nan ake fitar wa manoma maganin feshi.

A daminar nan aka turo mana sabon shef, wato shugaban ofis, daga Yamai, mai yawan turare da ƙarancin karatun takarda. Wata ƙungiya ta aiko da fom na halittun da ake karewa, da misali cikakke a sama: wani kifin teku mai faɗi kamar faifai, da doguwar wutsiya. Shef ya ce wa sakatariya ta canza suna kawai. Sai ƙwaronmu ya zama kifi, mazauninsa teku, yana gab da ƙarewa, an hana kashe shi. Aka miƙo mini in sa hannu.

A aji shida na tsaya, faransancina na rarrafe ne, don haka sau uku na karanta.

Na ce, "Mushe, wannan ƙwaro ne mai ƙafa shida. Kuma ba ƙarewa yake ba, tarkona cike yake kullum."

Ya ce, "Dubi hoton. Ba duka fukafukai gare su ba? Kai za ka gyara mani?"

Na ajiye biro, ban sa hannu ba. In takardar ta tafi, ba magani bana, kuma sunana ne a ƙasa.

Da yamma na faɗa wa Malam Idi, shugaban manoman. Washegari ya shigo ofis da kwandon zogale, ganyen duk huji, tsutsa na yawo. Ya juye shi a kan teburin shef.

"Mushe, ga kifinku na teku. Mi za mu ba shi, ruwa ko magani?"

Kafin azahar aka gyara fom. A taron mako kuwa, shef ya tashi ya ce shi ya gano kuskuren, aka tafa masa.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku karanta kowace takarda kafin ku sa hannu. Mai tambari yakan koma Yamai, mai sa hannu shi ke haɗuwa da manoma a kasuwa.