Tabarmin Alhaji a Ranar Nowel

Shekarar da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Gaya, na sauka da akwati biyu da katifa da mahaifiyata, wadda idanunta sun riga sun tafi, ƙafafunta ma sun fara ƙin ɗaukarta. Ni ungozoma ce, a ɗakin haihuwa nake aiki. Mu Kirista ne daga wani ƙauye na wajen Dogon Dutsi, kuma na saba da a ce mu kaɗai ne a unguwa. Wannan bai taɓa damuna ba. Abin da na kasa koya shi ne yarda da mai gidan haya.

Ina da dalilina kuwa. A garin da na baro, wata Lahadi 'yan majami'armu suka zo gaida Inna, suka yi mata waƙa biyu a tsakar gida. Sati bai zagayo ba mai gidan ya zo da fara'arsa, ya ce ɗansa zai yi aure, yana son ɗakunan. Har muka bar garin ba a ɗaura auren nan ba. Tun daga ranar, in mai gida ya cika yi mini murmushi sai in fara duban igiyar ɗaure kayana.

Shi kuwa na Gaya, fara'a gare shi har ta yi yawa. Alhaji ne, tsoho, ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan kamyo, babbar motar kaya, tsakanin Kwatano ta bakin teku da nan, yanzu 'ya'yansa ne a kan hanya, shi yana hutawa. Ya ba mu ɗaki biyu a gefen gidansa, da 'yar tsakar gida mai bishiyar mangwaro. Katanga gajeriya ce tsakaninmu da su, ƙofar waje kuma ɗaya ce. A bakin ƙofar nan yake wuni a kan benci da carbinsa, duk mai shiga da mai fita sai ya ratsa ta gabansa. Na ce a raina, to, an kafa mini duwan, masu binciken kaya, a ƙofar gida.

Da Disamba ta kama, Inna ta soma zancen Nowel. Ta san ba za ta iya zuwa majami'a ba, ko a kan moto mai ƙafa biyu ba ta zaunuwa. Abu ɗaya take so, ta ji waƙar haihuwar Almasihu daga bakin jama'a, ba daga rediyo ba. Ta ce mini, ba tare da wani kuka ko jan rai ba, ba ta jin za ta ga wata Nowel ɗin bayan wannan. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, na san ba ƙarya take yi ba. Na gaya wa fasto, ya ce ai wannan ba abin roƙo ba ne, in an tashi sujada ranar, jama'a duka za su biyo shi gidanmu.

Na ja wa Inna kunne kada ta gaya wa kowa. Kamar na ce ta hau katanga ta yi shela. Bakin Inna bai taɓa riƙe magana ta kwana ba, ga shi kuma in na tafi aiki Hajiya, matar Alhaji, takan shigo su yi ta hira suna ɓarar gyaɗa. Kwana biyu tsakani, ina fitowa da safe Alhaji ya tare ni.

"Ɗiyata, an ce sallarku ta matso."

"I, Baba Alhaji."

"Wace rana ta?"

Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da jan carbi, ni kuma na wuce aiki ina juya maganar. Mutum ya shekara saba'in a bakin iyaka, Malanbil mai yawan majami'u na kallonsa daga ƙetaren kogi, a ce bai san ranar Nowel ba? Na ce wannan share fage ne.

Bayan kwana uku ya sake tsayar da ni.

"Mutanen nan naku da za su taho, su nawa na?"

"Ban sani ba, Baba."

"A'a, ƙiyasta mini dai. Sun kai arba'in?"

"Wataƙila."

"Maza da mata wuri guda kuke zama, ko rabawa kuke yi?"

Na ce wuri guda, amma kowa da gefensa. Ya ce to. Ya tambaya ko da ganga ake zuwa, na ce wani lokaci. Ya sake cewa to. Wannan "to" ɗin tasa ta hana ni cin abincin rana. Na juya ta, na auna ta, ban samu komai a cikinta ba sai abin da na riga na sa a raina.

Na kai ƙara wurin wata abokiyar aikina, Musulma ce, haifaffiyar garin. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Wannan tsohon? Ke dai kin cika zargi. In abin ya dame ki, ki tambaye shi mana mi yake nufi." Na ce ita ba ta taɓa kwashe kaya da uwa makauniya ba, shi ya sa. Ni da nake tambayar mata abin da ko mazansu ba su sani ba, na kasa buɗe baki in yi wa tsoho tambaya guda.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da na dawo da la'asar na tarar da shi a tsakar gidanmu tare da babban ɗansa. Igiya ce a hannunsu, suna awo daga katanga zuwa gindin mangwaro, daga mangwaro zuwa ƙofar ɗakin Inna. Suna ganina ɗan ya naɗe igiyar, Alhaji ya ce sannu da aiki, suka fice. To, a Gaya kowa ya san abin da ake yi da ɗaki in an fitar da ɗan haya. Magaza ake mayar da shi, a cika shi da buhunan shinkafa ko dilar gwanjo, su ba sa waƙa, ba sa tara jama'a. Na tsaya a wurin ina tunanin inda zan kai tsohuwa a wannan sanyin.

Washegari na je wurin fasto na yi masa ƙarya. Na ce jikin Inna ya tsananta, ba za ta iya ɗaukar hayaniya ba, a bari sai wani lokaci. Ya dube ni ya ɗan jima, ya ce Allah ya ba ta sauƙi, zai sanar. Inna kuwa ban gaya mata ba. Na bar ta tana sa ni in wanke mata zanenta mai ruwan bula, tana gyara murya, tana tambayata ko za a samu wurin zaman kowa. Na shirya in ranar ta zo in ce mutane ne ba su samu zuwa ba. Kwanakin nan ko addu'a na durƙusa yi, bakina ne kawai ke motsi. Haushin Alhaji nake ji, da haushin garin, har da na Inna da ta kasa riƙe bakinta. Na kaina ne kawai ban yarda na ji ba.

Don kada in ga fuskarta ranar, na karɓi aikin safe a madadin wata ma'aikaciya. Haihuwa ba ta san Nowel ba, ta mata uku na karɓa kafin rana ta take. Ana gab da kiran azahar na kamo hanyar gida, ina ta maimaita ƙaryar da zan yi.

Tun daga bakin ƙofa na ji ƙamshin miya. Da na shiga sai na ɗauka na yi ɓatan gida. An ɗaure tamfol, irin babban nan na rufe kayan kamyo, daga katanga zuwa mangwaro zuwa ƙofar ɗakin Inna, daidai inda aka ja igiya. An share ƙasa an yayyafa ruwa. Tabarmi shimfiɗe a gefe biyu, da 'yar hanya a tsakiya. Ga randa cike da ruwa da moɗa a kai. Ta bayan katanga kuma surukan Hajiya ne ke ta fama da manyan tukwane, shinkafa da kifin kogi. Alhaji yana tsaye da babbar riga kamar mai jiran ɗaurin aure.

"Ɗiyata, ina mutanen? Tun ɗazu nike sauraren ganga."

Na ajiye jakata a ƙasa, na fita da gudu na tari mai moto ɗan kabu-kabu.

Majami'a ta riga ta watse. An tashi tun hantsi, kuma da yake an ce ba za a je gidanmu ba, kowa ya kama gabansa. Waɗansu sun ƙetare kogi wurin dangi, waɗansu sun nufi ƙauyuka wajen Bengu. Na tarar da fasto da matarsa, da wasu tsofaffin mata uku suna shara, da mai gadi. Na faɗa wa fasto gaskiya a tsaye, ina haki. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya ɗauki littafinsa kawai ya ce mu tafi.

Mutum shida na kawo wa tabarmin mutum arba'in.

Alhaji ya tarbe su a ƙofa, ya gaisa da fasto hannu biyu, ya leƙa bayansu yana jiran saura. Da ya ga babu, ya dube ni.

"Su ke nan?"

Nan ne na faɗa masa. Na ce ni na hana su zuwa. Na ce na ga yana ta tambaya, na ga ana awo, na ɗauka korarmu zai yi in an yi waƙa a gidansa. Ina magana ina kallon takalmansa, don ban iya ɗaga ido ba.

Ya dubi tamfol ɗin, ya dubi tabarmin. Sannan ya ce, a hankali, "Ashe haka kinka ɗauke ni."

"Baba, da ka gaya mini."

"In gaya miki mi? In ce zan yi abin kirki, ki yi ta godiya tun ban yi ba? In Allah bai nuhe ni da kai ranar ba hwa? Baƙi za su shigo gidana su gaida tsohuwa, in bar su zaune cikin rana bisa ƙasa? Wa za a zaga, ke ko ni?"

Na ga ran tsohon nan ya ɓaci, ɓacin rai na gaske, kuma ni na jawo. Ya juya ya shiga ɓangarensu, na ce shi ke nan, yanzu kam na ba shi dalilin korar da hannuna.

Mutanen shida suka zauna a gefe ɗaya, suka zama kamar ƙwayar gero a faifai. Na shiga ɗaki na tarar da Inna ta riga ta ɗaura zanenta da kanta, a karkace, ta yi ɗaurin kallabi. Ina gyara mata ina tunanin yadda za ta ji muryoyi shida a wurin da take jiran jama'a. Makaho ba a ɓoye masa wurin da babu mutane, kunnensa yana gaya masa.

Ina cikin haka na ji motsi a waje. Da na leƙa, Hajiya ce ta shigo da hijabinta, surukanta na biye, hannuwansu da sauran danshin wanki. Bayansu matan maƙwabta, wata da goyo, wata tana gaida mutane da harshen Dandanci, har da tsohuwar nan mai sayar da ƙosai a bakin hanya. Ba wadda ta yi wani bayani. Suka tuɓe takalma suka zazzauna har tabarmin gefen mata suka cika, suka malala zuwa ɗaya gefen. Alhaji bai shigo ba. Ya ja bencinsa ya tare bakin ƙofa, yana ɗaga wa masu moto hannu su rage gudu.

Ni da matar fasto muka tallabo Inna muka zaunar da ita a tsakiya, muka jingina ta da matashi. Ta karkata kai tana saurare. Ga tari, ga kukan jariri, ga ƙarar awarwaro, ga numfashin mutane ta ko'ina. Na ga fuskarta ta saki.

"An taru?" ta ce.

"Tabarmi sun cika, Inna."

Rabona da in faɗa mata gaskiya tsantsa an yi kwana goma.

Fasto ya karanta labarin haihuwar, aka ɗauki waƙa. Muryoyi shida ne, uku ma na tsofaffi, sai ta Inna ta bakwai, siririya tana rawa. Matan unguwa ba su yi waƙa ba, ba wanda kuma ya sa ran su yi. Sun zauna ne kawai, shiru, da ladabi irin na wanda ya je gaisuwa gidan mutunci. Ni ma ban iya waƙar ba. Na sunkuyar da kai na yi godiya ga Allah, na roƙi gafara, kuma a karo na farko tun da na sauka garin nan na ji tsoro ya sake ni. Na yi wata da watanni ina roƙon Ubangiji ya tsare mu daga mutanen da ya riga ya aiko su tsare mu. Kunya ta ishe ni, amma zuciyata ta kwanta.

Da aka kai ƙarshen waƙa ta biyu, Inna ta miƙa hannu gefenta tana lalube. Hannun ya sauka a gwiwar wata maƙwabciya, ya hau har ya taɓa bakin hijabi. Ta shafa shi, ta sake shafawa. Sai ta jawo ni kusa da ita ta yi ƙasa da murya.

"Waɗanga ba namu ba ne."

"A'a, Inna. Mutanen gidan Alhaji ne da maƙwabta. Namu shida suka samu zuwa, kuma laifina ne."

Ban san abin da nake jira ta ce ba. Ba ta saki hijabin matar nan ba, ba ta kuma tambaye ni laifin me ba.

"To ki ce ma fasto shi ƙara guda," in ji ta, "kuma ke ma ki buɗe baki. Mutane sun bar aikinsu sun zo, ba a yi musu waƙa ƙasa-ƙasa."

Ita ce Nowel ɗinta ta ƙarshe, kuma waƙa ta uku da ni aka yi ta.