Na Rufe wa Yayan Matata Ƙofa Kafin a Saki Ruwa

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne ɗan Wurno, ban daɗe da gama karatun kwamfuta a Sakkwato ba, ban kuma daɗe da aure ba. Kai na cike da ilimi, zuciya kuwa ba ta ɗaukar gyara. Wata ƙungiyar masu noman albasa na bakin Rima ta ba mu aiki ni da yayan matata, mutumin Rabah wanda ya riga ni shiga harkar da nisa. Aikin shi ne duk sadda za a saki ruwan dam na Goronyo, saƙo ya isa wayar kowane manomi, don ya janye injin ban-ruwanshi daga gaɓa tun ruwa bai iso ba.

Ba mu sayi kwamfuta ko ɗaya ba. Haya muke yi ta intanet, abin da masu sana'armu ke kira gajimare. Ni na rubuta umarnin da ke tada su: rubutu ɗaya ne, in ka tura shi sai kwamfutocin su tashi rukuni guda, aiki ya yi yawa su ƙaru, ya lafa su ragu. A ciki na sa iyakar da ba za su wuce ba, don kada kuɗin haya ya yi yawa. Halin wanga rubutu kuwa, duk abin da wani ya taɓa da hannu, da ka sake tura shi zai mayar da komi yadda yake a rubuce. Mu biyu kaɗai ke da mabuɗin shiga.

Wata rana na duba sai na ga iyakar ta ɗaga sama. To, mi ya kawo haka? Na tura rubutuna, ta koma. Bayan 'yan kwanaki ta sake ɗagawa. Wallahi nan take raina ya ɓaci, don ba aljani ne ke shiga ba, mutum ɗaya ne. Sai zuciya ta fara saƙa mini. Ko dai shina gudanar da wani aikinshi na gefe a kan kwamfutocin ƙungiya? Ko so yake shugabanni su ce yaron nan almubazzari ne, su bar mishi aikin shi kaɗai? Duk gaisuwar da ya yi mini sai na riƙa jin da wata manufa a ciki. Ranar da ya kawo mana kifi daga Goronyo ma, na kasa ci, na ce wa matata cikina ne ba daɗi.

Za ka ce mi ya hana in tambaye shi. Ai kai ma ka san yadda muke. Yayan mata suruki ne, ko sunanshi ba ni kamawa, Yaya nike ce mishi, in munka haɗu kaina na ƙasa. Ta yaya zan dube shi in ce mi kake yi a ɓoye? Sai munka shiga wani irin faɗa na kurame, shi ya ɗaga, ni in saukar, mu haɗu a masallacin Juma'a mu gaisa lafiya lau. Da abin ya ishe ni, sai na shiga na soke mabuɗinshi, ban gaya wa kowa ba. Har wani sanyi na ji a raina, ina ganin na yi maganin mai wayo.

Ana cikin damina anka sanar da ƙungiya cewa za a saki ruwa. Da hantsi saƙonni sunka fara fita, manoma kuma sunka yi ca suna tambaya ta waya a lokaci ɗaya. Kwamfutocin sunka ƙaru har sunka kai iyakar da na sa, sunka tsaya cak, saƙonni sunka yi layi ba su fita. Ni ina garin Marnona wurin ɗaurin auren wani aboki, ban san komi ba. Na ga kiran Yaya, na sake gani, na ce a raina ya gano an rufe mishi ƙofa ne, bari ya sha haushi tukuna. Na kife wayar na ci gaba da cin shinkafata.

Sai da na dawo gida na tarar da matata tana kuka. Ita ta ba ni labari. Ta ce da Yaya ya kasa shiga, ya kasa samuna, sai ya hau babur ya bi gaɓa shina ƙwala wa mutane kira su janye inji. Ya fara da gonakin wasu, ya bar ta mahaifinsu da ke wajen Taloka a ƙarshe. Kafin ya isa, ruwa ya tafi da injin Baba da irin albasar da ya yafa. Ta kuma ce tun tuni Yaya ya gaya mata iyakar da na sa ta yi kaɗan, amma ba ya son ya kunyata mijin ƙanwarshi a aikinshi na farko, shi ya sa yake gyarawa shiru, ya kuma hana ta faɗi. Innalillahi! Na zauna a ƙasa.

Na gyara rubutun, na je har Rabah na durƙusa. Yaya ya ce in tashi, ba komi, ƙaddara ce. Amma bayan damina ya ce wa ƙungiya ayyuka sun yi mishi yawa, ya bar mini aikin ni kaɗai.

Abin da na koya shi ne kunya tana da wurinta, amma ba a cikin aikin da dukiyar mutane ta rataya a kai ba. 'Yan'uwana masu wagga sana'a, in za ku yi aiki da na gaba da ku, ku yarda tun farko duk gyara a cikin rubutun za a yi shi, kowa na gani. In kun ga abin da ba ku gane ba, ku buɗe baki ku tambaya kafin zato ya cinye ku. Har yau Baba yana gaya wa mutane rashin sabis ne ya hana saƙo zuwa ranar, domin abin da Yaya ya faɗa mishi ke nan. Duk sadda na je gaishe shi sai ya sa mini albarka, ya ce Allah Ya saka mini da wahalar da nike yi wa manoma.