Ranar da Iya ta rama da waya

Wautar tawa ce, na amsa. Ina shekara goma na ɗauki wayar Yaya Sani na naɗi munsharin kakarmu Iya, ranar da barci ya sace ta tana tsakiyar tatsuniya. Na kunna wa yaran layinmu na Ƙofar Guga, na ce injin markaɗe ne ya lalace. Har da masu birgima a ƙasa don dariya.

A lokacin, da an idar da magariba muke kewaye murhunta, tana gasa mana gyaɗa a toka. Washegari ta dube ni ta yi murmushin da har yau nake tsoro.

"Matso kusa, maigidana. Ta yau taka ce."

Ta ce wani maƙeri ne ya ƙera ƙwarya mai haɗiye murya. Wani yaro mai kunnuwa kamar faifai ya sace ta, ya riƙa tona asirin tsofaffin gari. Duk yaran suka juyo suna auna kunnuwana.

"Abin da bai sani ba," in ji Iya, "ƙwaryar ba ta da uwa ba ta da uba. Wanda ya riƙe ta, shi take yi wa aiki."

"Sai mi ya faru, Iya?"

"Sauran sai ranar suna."

Kwana uku na jira sunan ɗan Yaya Sani. Mata sun cika gida maƙil, Iya ta sa aka haɗa waya da lasifika. Sai ga muryata, ranar da kyankyaso ya hau mini ƙafa a banɗaki: "Wayyo Iya, zai cinye ni!" Ashe ta ɗauki Yaya Sani aiki, ladansa ƙosai. Na rantse har unguwar Kambarawa an ji. Tun daga ranar sunana ya koma Zai-cinye-ni.

Bana malaminmu ya tambaye mu a aji: na'ura ce ke juya mutane, ko mutane ke juya na'ura? Ana ta kawo turanci, ni kuwa ƙwaryar nan nake tunawa. Wayar ba ta tsane ni ba, hannu kawai ta sauya.

Shekara shida ina shirin ramuwa, ban samu na naɗi ko tarinta ɗaya ba. Iya ta kafa doka: duk mai shiga ɗakinta sai ya ajiye wayarsa a kwanon da ke bakin ƙofa. Har Baba yana ajiyewa.