Zanen da aka ɗauke ni a ciki

Salama, 'yan'uwa. Ni ce Saratu ta Jikwoyi, da raina. Tun farkon damina ba ku ji ɗuriyata a nan ba, har wasu sun yi wa mijina gaisuwar mutuwa. Ban ga laifinsu ba, za ku ji dalili.

Daga yatsun ƙafa abin ya fara, kamar kiyashi na yawo a ciki. Na ce zaman keken ɗinki ne, na sha maganin ciwon jiki na ci gaba. Kun san ni, ni ce mai kai wa kowa kunu asibiti, ban taɓa kawo cewa layi zai zo kaina ba.

Sai silifas ya fara zamewa daga ƙafata ban sani ba. Wata safiya na tashi zan ɗora ruwa, ƙafafun suka ƙi, na zube a bakin gado.

Mijina ya riga ya fita, yana can cikin cunkoson Nyanya. Ga ruwan sama ya cinye layinmu, ko keke napep ba ya shiga.

Ranar taron zumuntar matan cocinmu ce. Mama Laraba, uwar zumuntarmu, ta biyo mini da mata biyu, duk sun sha anko. Tana ganina ta kwance zanenta na sama ta shimfiɗa, suka mirgina ni a kai. Kusurwa huɗu, su kuma uku. Ta ƙwala wa maƙwabciyata kira, Bakatsiniya mai sayar da atamfa: "Hajiya Binta! Zo ki kama mana!"

Hajiya ta fito ko takalmi babu. "Bismillah, ku ɗaga," in ji ta.

To, ankon nan shi muke sawa a biki, shi muke sawa a jana'iza. Saboda yayyafi aka rufe mini fuska da ɗankwali. Mama Laraba kuwa ko tsintsiya za ta ɗauka sai ta yi waƙa. Mutanen layi suka ga mata cikin anko, ɗauke da mutum a lulluɓe, ana waƙa ƙasa-ƙasa. Mai shagon kwana ya cire hularsa. Ina ciki ina jin wata tana cewa, "Wayyo Saratu! Mutuniyar kirki, sai dai faɗa." Kafin mu kai titi labari ya isa wurin yayata a Kubwa.

A asibiti aka ɗebi jini, aka sa doguwar allura aka zuƙi ruwa a bayana. Likita ya ce, "Madam, garkuwar jikinki ce ta rikice tana cin jijiyoyinki. Ciwon sama yake hawa. Abin da muke gudu, kada ya kai ƙirji."

Kullum safe nas ta sa ni in hura iska cikin wata roba, ta duba ƙarfin numfashina, ta rubuta. Hannuwa ma suka mutu. Maganin tsada gare shi, janaretonmu a kansa ya tafi.

Na ji tsoro ƙwarai. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Ki yi bangaskiya." In laluba zuciyata, in tarar babu komai sai fargaba. Addu'a ta ƙi fita. Abin da ya fi ciwon cina shi ne tunanin Ubangiji zai wuce ni, tunda ba ni da abin da zan miƙa masa.

Wata rana Mama Laraba ta zauna tana karanta mini Bishara, labarin shanyayyen da mutum huɗu suka ɗauko, suka rasa hanya don taro, suka fasa rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Na sha koya wa yara shi ranar Lahadi. Amma da ta kai inda aka ce Yesu ya ga bangaskiyarsu, sai na ce, "Mama, sake wurin nan."

Ta sake.

"Tasu? Ba tasa ba?"

"Tasu, 'yata. Shi ko uffan bai ce ba tukuna, a kwance kawai yake. Ke ma kwanta abinki. Mu muke riƙe da zanen."

Ashe akwai ranar da Yesu yake kallon hannuwan da suka ɗauko ka, ya karɓe ka a kansu. Na yi kuka, amma ba irin na kwanakin baya ba.

Ciwon ya tsaya a ƙasan haƙarƙari. Likita ya ce yakan tsaya haka. Na yarda da shi, amma har yau in na tuna sai mamaki ya kama ni. Daga baya babban yatsana ya motsa. Masu gashin ƙashi suka koya mini tsayuwa, sai taku.

Shawarata: in ƙafa ta fara mutuwa tana hawa sama, kada ku jira, ku nufi asibiti. In kun je dubiya, kada ku ɗora wa mara lafiya nauyin bangaskiya. Ku yi ta a madadinsa.

Na gode wa Allah, da likitoci da nas-nas, da mijina, da ku. Hajiya Binta, Allah ya sāka miki.

Zanen kuwa Mama Laraba ƙin karɓa ta yi. Ta ce sai na kawo mata da ƙafata. A labarin ma Yesu cewa ya yi mutumin ya ɗauki tabarmarsa ya tafi gida.

Lahadin da ta wuce na ninke shi, na ɗora a kai, na kama sandata. Na bi layin nan a hankali, Hajiya tana gefena. Mai shagon kwana ya hango ni, ya miƙe tsaye, ya sake cire hularsa.