Dakta Zakir da Tasar Ya Fanne

Ranar Talata, 9 ga Satumba 2025, ina tsakiyar makin jarrabawa aka bugo daga Nguru cewa Allah Ya yi wa Dakta Zakir Goni rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Dakta, shekara shida muna raba ofis a Gashua, kuma ka fi hira da bakteriya a kaina. Ka ce suna da wani makunni a cikin ƙwayoyin gadonsu: da tagulla ta yi yawa, sai ya kunnu, su hau fitar da ita don kada ta kashe su. Kai kuma ka ɗaura wa makunnin launi, suka koma yin ja duk inda tagulla take. Na tambayi amfanin hakan. Ka ce, "Hajiya, mai rijiya ba ya karanta rahoto, amma ya san ja."

Sai ruwan wani ƙauye a bayan Katuzu ya yi jawur, gwaji uku a jere. Rijiyarsu ɗaya tal. Ka sa aka rufe ta, mata suka koma ɗiban ruwan fadama. Na raka ka komawa, don ina son ganin rijiyar da tagullarta ta wuce abin da ke cikin littafi.

Ya Fanne, matar mai unguwa, ta karɓi kwalabenka na ɗiban ruwan gwaji kamar yadda ta saba, ta shige gida. Na bi ta. Ashe ba a ba babban baƙo ruwa daga bakin guga. Tun da safe ta goge tasar tagullarta ta aure da tsamiya, ta zuba ruwan ya kwanta, daga nan take cika maka kwalba.

"'Yata, a roba zan ba malami? Me za a ce da gidan nan?"

Na ɗauka za ka gyara a takarda ka yi shiru, kamar yadda muka iya a jami'a. Sai ka sake gwaji daga guga, bai yi ja ba, ka dawo ka tsaya a ƙofar masallaci ka ce, "Ƙwayoyina ba su yi ƙarya ba, ni ne ban tambaya ba. A buɗe rijiya." Sunan Ya Fanne bai fito daga bakinka ba. Har yau ina mamakin wanne ya fi wuya: koya wa bakteriya yin ja, ko wannan tsayuwar.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka kamar yadda ka rufa asirin wata. Ya ba matarka Malama Amatullah da yara haƙuri. Mutanen da ka mayar wa rijiyarsu sun zo gaisuwa mota guda. Allah Ya shayar da kai daga Alkausara.