Ranar da Aka Ɗaure Baba a Gadon Gwaji

Babana kafinta ne, mai rufin gidaje. Ya fi shekara talatin yana hawa saman gini da guduma a ƙugu, bai taɓa faɗowa ba. Faɗuwarsa ta farko a tsakar gidanmu na Fadaman Mada ta same shi, ya gama alwalar la'asar ya miƙe daga tsugune. Inna ta ce ita dai ƙarar buta ta ji, da ta leƙo daga madafa sai ta gan shi kwance a gefen rijiya. Kafin ta ɗebo ruwa ya buɗe ido yana tambayarta me ya faru.

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Ina aure a Gwallameji, ina koyarwa a firamare, kuma a gidanmu duk abin da ya shafi takarda ko asibiti ni ake jira. Da ma Baba ya daɗe da ciwon suga. Sai na sayo na'urar awon jini, duk yamma in na tashi daga makaranta in hau keke napep in je. Kullum a kwance nake iske shi a kan tabarma yana hutawa, a haka nake ɗaura masa, kuma kullum jinin a sama yake. Na rubuta lambobin na kai wa mai kemis na bakin titi, ya ba ni maganin hawan jini.

Bayan wata biyu ya sake faɗuwa, wannan karon a Kasuwar Muda Lawal, yana tsaye ana auna masa gero. Na koma kemis aka ƙara wata ƙwayar a kan ta farko. Na gano yana tsallake sha, na zauna na yi masa magana kamar ina gaban aji.

Ya ce, "Uwata, wannan ƙaramar in na sha ta, duhu nake gani."

Na ce, "Hawan jinin ne, Baba. Ka daure ka riƙa sha."

Ya daure. Faɗuwa ta uku a sahun sallar Juma'a ce, goshinsa ya fashe, sai da aka yi masa ɗinki. Daga nan muka fara zaryar babban asibiti. An ɗibi jini, an yi awon zuciya, an ɗauki hoton kai, ba a ga abin da ke kayar da shi ba. A ƙarshe aka tura mu wurin wata likitar zuciya, 'yar Kudu ce da ta daɗe a Bauchi. Ta ce akwai gwajin da take so ta yi: za a kwantar da shi a wani gado, a miƙar da gadon, a ga yadda zuciyarsa da jininsa suke yi in yana tsaye.

Ranar gwajin da safe muka je, bai karya ba, haka aka umarce mu. Ɗakin ƙarami ne, shiru, an sauke labule. Gadon siriri ne, da wani allo a ƙarshensa inda ake dafa ƙafa. Baba ya tsaya yana duba yadda aka haɗa ƙarfen, har ya sa hannu ya girgiza allon ya ji ko da ƙwari.

Likitar ta ce, "Baba, za ki cire riga, ki kwanta."

Ya dube ni ya murmusa, ya ce, "To, yau kuma na zama mace." Ita ma ta yi dariya, ta ce Hausarta ke nan, ya yi haƙuri da ita.

Ban taɓa ganin Baba ba riga ba tun ina yarinya. Ya rame ƙwarai, haƙarƙarinsa a fili. Na kau da kai. Wata nas ta manna masa wayoyi a ƙirji, ta ɗaura abin awo a damtsensa, ta ja ɗamara ɗaya a cinyoyinsa, ɗaya a ƙirji. Likitar ta ce in zauna a kusurwa don in fassara in Hausarta ta gaza. Daga inda nake ina ganin allon na'urar, lamba ɗaya ta jini, ɗaya ta bugun zuciya.

Ya yi kamar minti goma a kwance. Jinin a sama, irin wanda na saba gani a gida, har na ji daɗi a raina cewa likita za ta ga gaskiyata. Sai ta danna wani abu, gadon ya fara tashi a hankali, har Baba ya zama kusan a tsaye, ƙafafunsa a kan allon, hannuwansa a sake.

"Yaya kike ji, Baba?"

"Lafiya lau."

Amma lambar jinin ta soma sauka. Duk awon da nas ta yi, sai ya fito ƙasa da na baya. Ta zuciyar kuwa tana nan inda take, ba ta ƙaru ba. Bayan ɗan lokaci ya ce wuyansa da kafaɗunsa suna ciwo. Can ya ce, "Uwata, kin yi nisa." Ina zaune taku uku daga gare shi. Leɓunansa suka yi fari, idonsa a buɗe amma ba ya kallon komai, sai kansa ya langaɓe gefe. Ɗamarar ce ta riƙe shi. Na miƙe ina salati, nas ta tare ni da hannu, likitar ta mayar da gadon kwance da sauri. Ba a jima ba ya ja dogon numfashi, ya tambaya ko an fara.

Da ya dawo daidai aka ba shi ruwa, likitar ta zaunar da mu. Ta ce mai lafiya in ya miƙe, jini yakan gangara ƙafafu, sai jijiyoyi su matse, zuciya ta ƙara sauri, jini ya koma kai. Na Baba ba sa yin haka, ciwon suga na shekaru ya lalata jijiyoyin da ke kai wannan saƙon. In yana kwance jininsa ya hau, in ya miƙe ya zube. Sannan ta ce in nuna mata duk abin da yake sha. Na zazzage ledar a kan tebur. Ta ware biyu gefe.

"Waɗannan wa ya rubuta? Su suke ƙara kayar da shi."

Kafin in samu abin cewa Baba ya ce, "Ni na saya a kemis, likita. Ba wanda ya sa ni."

Ta yi masa faɗa sosai, ya sunkuyar da kai yana cewa ya tuba. Ina zaune ban ce uffan ba. Har yau in na tuna shirun nan nawa sai in ji zuciyata ta yi nauyi.

A keke muna komawa na fara kuka. Ya ce, "Haba Uwata, a titi? Ai ta ce ba su ne tushen ciwon ba. Kada ki faɗa wa Innarki wannan maganar."

An canja masa magani. An ce ya yawaita shan ruwa, ya riƙa tashi a hankali, ya ɗaga wajen kan gadonsa, kada ya sake hawa gini, ya yi salla a zaune. Da hannunsa ya yanka katako biyu ya sa a ƙarƙashin ƙafafun gadon, ya kuma ƙera 'yar kujerar da yake kaiwa masallaci. A ƙarshen sahu yake zama, jikin bango. Masu gini sun ɗan ci gaba da zuwa neman shawara, daga baya suka daina. Faɗuwar ta ragu, amma ba ta bar shi ba. Bai taɓa tayar mini da zancen ƙwayoyin ba, kuma bai hana ni zuwa awo ba, sai dai yanzu sau biyu nake yi, a kwance da a tsaye, ina riƙe da hannunsa.

Shekara biyu ya yi a haka. Ciwon ƙoda ne ya zama ajalinsa, cikin damina, da hantsi.

Bayan Inna ta fita takaba na je na same ta tana tsince shinkafa a faifai. Na zauna kusa da ita na faɗa mata komai, tun daga kemis har abin da ya ce wa likita. Ba ta ɗago ba sai da na gama. Ta daɗe tana juya shinkafar da yatsa.

Ta ce, "Ni ce fa nake miƙa masa ruwan da yake haɗiye su da shi, kullum safe."

Ta share ido da bakin mayafi, ta turo mini faifan, ta ce in ƙarasa, idonta ba ya ganin tsakuwa sosai yanzu.