Rigar da Aka Tuɓe a Bayan Labule

Ko tsufa ya kwashe duk abin da na gani a birnin Greensboro, can ƙasar Turawa, akwai wata ranar Lahadi da ba zan taɓa mantawa da ita ba. Farkon shekarun tamanin ne, ina karatun digiri na biyu, muna haya a wani tsohon gida a unguwar Glenwood ni da wani ɗan garinmu. Ilimin tattalin arziki aka turo shi ya karanta, kuma ya karanta ɗin, amma zuciyarsa tana wajen wasan kwaikwayon nan na waƙa da rawa, inda mutum zai fara magana kamar mai hankali, sai kawai ya ɓarke da waƙa, jama'ar gari su kama rawa babu wanda ya tambayi dalili. Na haddace waƙoƙinsa ta bango ba da son raina ba. Amma maganar gaskiya, Allah ya ba shi murya.

Yana dab da kammala karatu sai wata ƙungiyar 'yan wasa masu yawo gari-gari ta yi masa tayin aiki. Ya ce ba zai ɗaga ƙafa ba sai da albarkar mahaifinsa. Mahaifin kuwa tsohon alƙali ne, gidansu gida ne da ake yi wa waƙa, ba a taɓa jin an yi ta a ciki ba. Ga shi kuma shi ne ɗan fari, tsohon bai taɓa kiran sunansa ba saboda kunya, balle ya yaba masa.

Da mahaifin nasa, wanda muke kira Baba, ya zo bikin yaye ɗalibai, abokina ya turo ni gaba.

"Malam, kai ne mai baki. Ka kawo shi wasan Lahadi da rana."

"In ce masa ina za mu?"

"Ka ce taro ne."

Na duba na ga ai taron ne, sai na amsa.

Baba ya fito cikin farar babbar riga ta shadda, ta sha aiki har ƙasa. Matan unguwar masu kuɗi ta Irving Park da suka cika kujerun gaba suka yi ta waiwaye. Aka ja labule, sai ga ɗansa ya faɗo dandamali da matsattsen wando, takalminsa na ƙwas-ƙwas. Na saci kallon tsohon, na ga irin fuskar da ake karanta hukunci da ita. Can ya sunkuyo.

"Takalmin nan lalacewa ya yi?"

"A'a Baba, ƙarfe aka sa a ƙasa, don ya yi ƙara."

"Da gangan?"

"Da gangan, Baba."

Ya ce, "To."

Daga baya aka rage fitilu, aka bar abokina shi kaɗai yana wata waƙa mai sanyi. Zauren ya yi tsit. Abin da na lura da shi kawai, carbin da ke yawo a hannun Baba tun shigowarmu ya tsaya. Da aka gama, kowa ya miƙe yana tafi, shi kuwa yana zaune, hannu a kan gwiwa. Abokina ya hango shi daga sama, na ga murmushinsa ya mutu.

Muka zaga bayan labule. Abokina ya zo jiƙe da gumi, fuska duk hoda, ya durƙusa ya gaishe shi. Baba bai dube shi ba, ni ya duba.

"Abokin nan naka ya daɗe yana wannan abu?"

"Ya ɗan jima, Baba."

 Sai ya tattara hannayen rigarsa, ya cire ta a hankali ko hularsa ba ta goce ba, ya tsaya daga shi sai 'yar ciki. Ya miƙo mini.

"Ba mawaƙin nan. Mu a wurinmu, in mawaƙi ya yi abin kirki, riga ake tuɓe masa. Na sha bayarwa, na san wanda ya cancanta. Ka ce masa duk garin da ya sauka, ya riƙe salla."

Baturiyar da ke kula da tufafin wasa ta ɗauka kyauta aka kawo wa ƙungiya, har ta miƙo hannu tana godiya. Sai da na tare ta da duk Turancin da na tara. Abokina dai yana durƙushe, hawaye sun yi hanya a cikin hodar.

A bakin titi muna jiran bas, Baba ya gyara murya. "Rawar dai, da zai rage ta."

Bai rage ba. Ya yi shekaru yana wannan sana'a, rigar tana bin sa a ƙasan akwati, bai taɓa hawa dandamali da ita ba. Ni kuma tun ranar na daina auna yardar mutum da tafinsa. Wani ba zai taɓa buɗe baki ya ce ka kyauta ba, sai ka zuba ido ka ga abin da zai iya rabuwa da shi saboda kai.